A Filin Tsere Ake Koyon Tsayawa

A kudancin birnin Paris akwai wata babbar kasuwa da ake kira Rungis, inda ake sauke nama da kifi da kayan lambun da ke ciyar da birnin. An buɗe ta a shekara ta 1969. Cikin shekarun 1970, matasa masu babur suka ɗauki al'adar taruwa kowane daren Juma'a a dandalin Bastille, daga nan su ɗunguma zuwa Rungis, su mai da titunan kasuwar filin tsere. Babu mai ba da umurni, babu mai hana kowa shiga. Ƴan kallo suna tsaye a bakin kwalta, gwani da wanda jiya ya sayi babur duk suna gudu wuri ɗaya. Titunan kuwa domin kamiyo masu dakon kaya aka yi su, ga dakali a gefe, ga turakun fitilu. Cikin ƴan shekaru matasa fiye da 15 suka rasa rayukansu a wurin. Ta ƙarshensu wata yarinya ce mai shekara 18, sunanta Carole, wadda ta rasu cikin watan Satumba na 1977.

Abin da ya fi sauƙi ga hukuma shi ne ta zuba ƴan sanda su kori yaran, ta ce ta gama aikinta. Amma mahukuntan Faransa sun lura cewa wanda aka kora daga Rungis wani titin zai nema. A 1978 gwamnati ta ɗora wa wani sanannen ɗan jarida na talabijin, Yves Mourousi, nauyin kula da al'amuran masu babur. Aka samu fili a arewa maso gabashin Paris, a Tremblay, kusa da filin jirgin sama na Roissy, aka shimfiɗa kwalta mai zagaye, tsawonta kilomita 2 da mita 55. Cikin watan Disamba na 1979 aka buɗe shi, aka sa masa sunan yarinyar: filin Carole. Aka kuma kafa ƙa'ida cewa a wasu ranakun ƙarshen mako duk mai babur yana iya shiga kyauta. Tun 2012 ƙungiyar wasannin babur ta Faransa ce ke riƙe da filin.

Wannan shawara daidai ce, kuma ta cancanci duk wani mai riƙe da alhakin lafiyar jama'a a kan hanya ya yi nazarinta. Filin tsere yana koya wa mai babur abin da titi ba ya barin kowa ya koya cikin aminci. Sai dai amfaninsa yana da sharaɗi. In mutum ya shiga domin ya san iyakar babur ɗinsa da iyakar kansa, ya ci riba. In ya shiga domin ya ji daɗin gudu kawai, ya fito yana ganin kansa gwani, to filin ya ƙara masa haɗari.

Yadda ranar horo take gudana

A Faransa da Ingila da Jamus da Amurka da Afirka ta Kudu, manyan filayen tsere ba kullum ake gasa a cikinsu ba. A ranakun da babu gasa, ƙungiyoyi suna hayar filin su buɗe shi ga masu babur na gari, kowa ya zo da nasa. Haka ake yi a Le Mans da Magny-Cours a Faransa, da Brands Hatch da Donington a Ingila. Ita ce ake kira ranar horo a filin tsere. Babu kofi, babu na ɗaya, babu na ƙarshe. A Ingila ma da yawa daga masu shirya irin wannan rana suna hana a auna lokacin zagaye, domin kada horo ya rikiɗe ya zama gasa.

Tun da sassafe ake duba kowane babur. A dubi tayoyi, a gwada birki, a tabbata mai ba ya ɗiga, domin ɗigon mai ɗaya a kwana ya isa ya kayar da mutum biyar. A yawancin filaye ana cire madubi ko a liƙe shi, saboda alhakin wucewa lafiya yana kan na baya, na gaba kuwa gabansa kawai zai duba. Mahayi ba ya shiga sai da kaske, wato hular kwano, mai rufe fuska duka, da rigar fata da wandon fata, da safar hannu, da takalma masu rufe idon sawu, da abin kare gadon baya. Daga nan a tara kowa a yi bayanin tutoci: mai ruwan ɗorawa na nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu, kada a wuce kowa, ja na nufin an tsayar da zagaye, kowa ya koma a hankali.

Ana kasa mutane rukuni-rukuni, sabbin shiga daban, matsakaita daban, ƙwararru daban. Kowane rukuni yakan shiga na kimanin minti 20, ya fito ya huta, a haka har wuni ya ƙare. Ga sabbin shiga, malami ne ke gaba a zagayen farko, suna biye da shi suna ganin inda yake rage gudu da inda yake karkata. Daga baya ya koma bayansu yana lura, in an fito ya kira mutum gefe ya faɗa masa kuskurensa. Kowa hanya ɗaya ya nufa, babu mai tahowa daga gaba, babu mahaɗar hanya, babu mai tafiya a ƙasa. A bakin kowace kwana an bar fili da tsakuwa domin wanda ya kuskure ya zame ya tsaya ba tare da ya bugi bango ko itace ba. Akwai masu tsaro da tutoci a kewaye, motar ɗaukar marasa lafiya kuma tana tsaye a bakin fili.

Abin da hannu da ido suke koya

A 1981 wani malamin jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka, Harry Hurt, ya fitar da sakamakon binciken da shi da abokan aikinsa suka yi a kan haɗarin babur 900 a yankin Los Angeles. Sun je wurin da abin ya faru, sun auna sawun taya, sun tambayi waɗanda suka tsira. Sun gano cewa kashi 92 cikin 100 na mahayan ba su taɓa samun horo ba: ko dai su suka koya wa kansu, ko ɗan'uwa ko aboki ya koya masu. Sun gano cewa daga lokacin da mahayi ya ga haɗari zuwa lokacin karo, yawanci bai cika daƙiƙa 2 ba. Sun kuma gano cewa a cikin wannan ɗan lokaci yawancinsu kuskure iri ɗaya suke yi: su danne birkin baya har taya ta kulle ta zame, su bar birkin gaba ba su yi aiki da shi sosai ba, kaucewa kuwa kusan babu wanda ya iya. Rabin waɗannan mahaya gudunsu bai wuce kilomita 48 a awa ba kafin haɗarin.

Wannan bincike ya haura shekara 40, babura sun sake, amma hannun mutum da idonsa suna nan yadda suke. Abin da ya nuna shi ne cewa mutum yana iya shekara goma a kan babur ba tare da ya taɓa gwada tsayawar gaggawa ko sau ɗaya ba, sai ranar da yaro ya faɗo masa a titi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Filin tsere shi ne wurin fafe wannan gora.

Darasi na farko birki ne. Idan mai babur ya rage gudu, nauyinsa da na babur suna komawa kan tayar gaba, ta baya kuma ta yi sauƙi. Saboda haka a kan busasshiyar kwalta tayar gaba ce ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, kashi 70 cikin 100 ko fiye. Amma birkin gaba ba ya son fizga. Wanda ya cafke shi gaba ɗaya kafin nauyi ya sauka a kan tayar, zai kulle ta ya faɗi. Ana fara matsa shi ne a hankali, taya ta zauna, sannan a ƙara ƙarfi da sauri. Faɗin wannan ba shi da wuya. Sa hannu ya yi shi da kansa a lokacin firgita shi ne aikin, kuma ba ya samuwa sai da maimaici. A fili mai kwana goma, wanda ya yi zagaye 40 a wuni ya taka birki mai ƙarfi sau ɗaruruwa, a wurare iri ɗaya, yana jin yadda taya ke amsawa. A Tarayyar Turai, tun 2017 duk sabon babur da injinsa ya wuce 125 sai an sayar da shi da na'urar ABS mai hana taya kullewa. Na'urar tana ceton rayuka, amma ba ta matsa birki a madadin mahayin da ke tsoronsa.

Darasi na biyu ido ne. Babur yana bin inda mahayi yake kallo. Wanda ya shiga kwana da gudu fiye da kima, tsoro yakan kafe idonsa a kan ramin da ke gefe ko itacen da ke gabansa, kuma can zai je. Malaman fili suna ta nanata wa ɗalibi ya ɗaga haɓa, ya juya kai, ya dubi mafitar kwana tun kafin ya kai tsakiyarta. Mai kallon nesa yana ganin abubuwa suna zuwa masa a hankali, mai kallon gaban tayarsa kuwa komai faɗo masa yake yi.

Darasi na uku shi ne wanda ya fi ba mutane mamaki. Idan babur ya wuce gudun mai sassarfa, ba a juya kansa zuwa hagu domin a tafi hagu. Tura hannun hagu ake yi gaba kaɗan. Tayar gaba ta ɗan kauce dama, babur ya kwanta hagu, ya sha kwana. Duk mai hawa babur ko keke yana yin haka ba tare da ya sani ba. Amma wanda bai sani ba, ranar da yake bukatar kaucewa cikin ƙiftawar ido sai jikinsa ya sandare, ko ya juya kan babur ta inda bai kamata ba. Wani Ba'amurke, Keith Code, wanda ya kafa makarantar koyar da hawan babur a filin tsere a Kalifoniya a 1980, ya shahara da koyar da wannan dabara a fili, da kuma nuna cewa yawancin faɗuwa a kwana daga abin da tsoro ke sa mahayi ya yi suke fitowa: sakin wuta farat ɗaya, ƙanƙame kan babur, kafe ido wuri ɗaya.

Darasi na huɗu shi ne sanin cewa riƙon taya yana da iyaka. Wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannu ba. Ƙarfin da take riƙe kwalta da shi kamar tiya ɗaya ce ta hatsi a gida: abin da aka ɗiba aka yi fura ba ya cikin na tuwon dare. In mahayi ya kashe riƙon wajen kwantar da babur a kwana, kaɗan ya rage na birki. Shi ya sa ake gama rage gudu tun babur yana tsaye sosai, sannan a karkata, sannan a murɗa wuta sannu-sannu wajen fita.

Ƙorafin masu adawa

Akwai iyaye da jami'an tsaron hanya da ke cewa duk wannan daɗin baki ne, filin tsere gudu yake koyarwa, kuma wanda ya ɗanɗani kilomita 200 a awa ranar Lahadi ba zai yarda da 50 ranar Litinin ba. Ba a kore wannan magana da hannu ɗaya, domin tana da hujja.

A 1979 ƙasar Norwe ta wajabta wa sabbin direbobin mota horo a fili mai santsi, domin su iya riƙe mota in ta zame a kan ƙanƙara. Da aka auna sakamakon a 1988, sai aka ga samarin da suka yi horon sun fi na da yawan haɗari a kan hanya mai santsi. A 1996 wani mai bincike a Suwidin, Nils Petter Gregersen, ya raba matasa masu koyon tuƙi kashi biyu a fili mai santsi. Kashi ɗaya aka koya masu dabarar birki da kaucewa domin su ƙware. Kashi na biyu aka tsara masu horon ta yadda za su ga da idonsu cewa abin ya fi ƙarfinsu. Da aka gwada su daga baya, iyawarsu ta zo ɗaya, amma ƴan kashin farko sun ɗauki kansu sun fi yadda suke. Waɗannan bincike a kan masu mota aka yi su, amma zuciyar saurayi ɗaya ce ko a mota ko a babur. Horon wuni ɗaya yana ƙara iyawa kaɗan, ya ƙara yarda da kai da yawa, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ita ce ke kai mutum asibiti. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Hujja ta biyu ita ce filin ya kawar da abin da ya fi kashe masu babur. A binciken Hurt, kashi uku cikin huɗu na haɗarin karo ne da wani abin hawa, yawanci mota, kuma a kashi biyu cikin uku na irin wannan karo direban motar ne ya shiga hanyar mai babur, sau da yawa domin bai gan shi ba. A filin tsere babu motar da za ta fito daga lungu. Mutum yana iya zama sarkin kwana a Le Mans, bai kuma san yadda ake karanta mahaɗar hanya ba, bai san cewa tayar motar da ke tsaye a bakin titi ake kallo domin a gane za ta motsa ba.

Har layin da ake bi ya sha bamban. A fili, mahayi yana fara kwana daga gefen waje, ya yanko ciki, ya sake fita waje, yana cin faɗin kwaltar duka domin nasa ne. A titi rabin faɗin na mai tahowa ne. Wanda ya yanko ciki da wuri a kwanar da ba ya ganin bayanta, ko da tayoyinsa suna cikin hannunsa, kansa yana iya leƙawa hannun kamiyo. Saboda haka jandarmomin Faransa masu babur suke koyar da wani layi dabam da suke kira layin tsaro: a rage gudu tun kafin shiga, a daɗe a gefen waje domin ido ya hango nesa, kada a yanko sai an ga mafita. Tun 2020 wannan layi ya shiga cikin jarrabawar permin babur a Faransa.

Hujja ta uku kuɗi ne. In aka cire ranakun kyauta irin na Carole, wuni ɗaya a filin tsere a Turai yakan ci yuro 100 ko fiye, wato sama da jikka 65, ban da mai da tayoyi da kayan fata. Talakan da ke zuwa aiki da ƙaramin babur, wanda shi ya fi kowa daɗewa a kan titi, ba shi ne ke cika waɗannan filaye ba.

Duk waɗannan ƙorafe-ƙorafe gaskiya ne, amma babu ɗaya daga cikinsu da ya ce a rufe fili. Abin da suka nuna shi ne yadda ya kamata a tafiyar da shi. Binciken Suwidin da kansa ya ba da maganin: horon da ke nuna wa mutum iyakarsa ba ya kumbura masa kai. Malami nagari ba ya tambayar ɗalibi minti nawa ya yi a zagaye. Yana sa alama a ƙasa, ya ce masa ya faɗi inda yake tsammanin zai tsaya, sannan ya bar shi ya gwada. Yawanci ɗalibin yakan wuce alamar da ya sa da kansa, kuma wannan kunya ta fi wa'azin awa guda amfani.

Lissafin ba shi da wuya. Mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, hannu ya kai ga birki, kimanin daƙiƙa ɗaya ta wuce, mita 14 sun tafi. A kan busasshiyar kwalta, da birki mai kyau da hannu mai iyawa, sai ya ƙara wasu mita 14 kafin ya tsaya. Mai gudun 30 kuwa duka-duka kimanin mita 13 yake bukata. Ke nan a daidai wurin da mai 30 ya tsaya cak, mai 50 bai ko taɓa birki ba. In gudu ya ninka biyu, nisan birki ninkawa huɗu yake yi: mai gudun 100 yana bukatar sama da mita 80. Babu gwanintar da ke soke wannan lissafi. Wanda ya gan shi da igiyar awo a fili yakan koma titi da ladabi.

Darasi ga mahukunta

Nijar ba ƙasar manyan babura ba ce, kuma babu mai hankalin da zai nemi a kashe dukiyar jama'a wajen gina irin filin Le Mans. Amma abin da Hurt ya gani a Los Angeles kowa yana ganinsa a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Ƙonni. Saurayi yakan koyi babur a hannun wansa ko abokinsa da maraice ɗaya, in ya iya tashi da sa giya an ce ya iya, bayan ƴan makonni ya fara kabu-kabu yana ɗaukar matan mutane da ƴaƴansu. Da yawa sun gaji tsoron birkin gaba, suna cewa kayar da mutum yake yi. A cikin rairayi maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin can tayar gaba saurin zamewa take, sai da lallashi. A kan kwalta kuwa wanda ya bar birkin gaba ya zubar da mafi yawan ƙarfin tsayawarsa. Babu wanda ya taɓa nuna masu bambancin wuraren biyu. Ga kuma rakiyar amarya, inda samari ke wasa da babur a tsakiyar gari cikin taron yara, abin da bai da maraba da daren Juma'a a Rungis.

Ware wa ƙarfin samartaka fili ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Mahaya dawaki suna da filin sukuwa, ba a sakin doki a tsakiyar kasuwa. Tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, aka gina wa ƴan kokowa filaye a manyan garuruwa, da alƙalai da dokoki. Babur ya fi doki gudu, ya fi kokowa kisa, shi kaɗai ne aka bari ba fili ba malami.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin magajin gari ba. Kwalta mai tsawon mita 200 ko 300 a bayan gari, wadda za a rufe da safiyar Lahadi, da wani fili na rairayi kusa da ita. Tsofaffin tayoyi domin alama, farar ƙasa domin ja layi, igiyar awo, da ma'aikacin lafiya ɗaya da akwatinsa. Malamai suna nan: jandarmomi da ƴan sanda masu babur, da malaman makarantun tuƙi, da dattawan sandikar ƴan kabu-kabu waɗanda samari ke jin maganarsu. Dokokin kuma su zama kaɗan, masu tsauri. Ba a shiga sai da kaske ɗaure a haɓa. Ba a shiga sai an duba birki biyu da tayoyi. Sabon shiga ba ya haɗuwa da tsohon hannu. Ba a auna gudu, ba a ba da kyauta ga wanda ya riga kowa. In za a yi gasa, a yi ta tsayawa: kowa ya taho da gudun 40, a ga wanda zai tsaya a taƙaice ba tare da taya ta kulle ba. A maimaita da fasinja a baya, a maimaita da buhu, a maimaita a rairayi, domin kowa ya ga yadda nisan ke ƙaruwa. A rufe wunin da zama a inuwa ana bayanin mahaɗar hanya, da makafin wuraren kamiyo, da tafiyar dare.

Ma'aikatar sufuri da hukumar kiyaye haɗarin hanya suna iya ƙarfafa abin da takardar shaida, wadda magadan gari za su riƙa dubawa wajen ba da izinin kabu-kabu. Amma kada takardar ta zama ta sau ɗaya. Hannu yana mantuwa, don haka a riƙa sabunta ta, kuma a bar shiga kyauta kamar yadda aka yi a Carole, domin wanda ya fi bukatar horon shi ne wanda ba ya iya biya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum kimanin miliyan 1 da dubu 190 suka mutu a haɗarin hanya a duniya, kuma nahiyar Afirka ce ta fi yawan mace-mace in aka kwatanta da yawan jama'a, alhali ita ce mai ƙarancin ababen hawa. Kame da tara suna da wurinsu, amma ɗan sanda ba ya iya cin tarar mutum a kan abin da babu wanda ya koya masa. Faransa sai da ta binne matasa fiye da 15 a dalilin Rungis kafin ta shimfiɗa kilomita 2 na kwalta, kuma fiye da shekara 40 ke nan masu babur suna koyo a kanta. Magajin garin da ke da titi ɗaya mara cunkoso a bayan garinsa, da jandarma biyu masu babur, yana iya farawa ranar Lahadi mai zuwa.